Bambar faiba: tambayoyin da ake yawan yi kan yadda za a kare ta daga tsagewa da fashewa

Waɗannan tambayoyin su ne suke ta dawowa daga masu motocin da suka cire bambar kamfani suka saka ta faiba, ko don kwalliya ko don ta asali ta mutu ba a samu irinta ba. Na jera su daga na farko-farko zuwa masu zurfi, inda amsa ta taɓa wata amsar zan nuna maka inda zaka duba.

Wai mene ne bambancin bambar faiba da wadda ta zo da mota daga kamfani?

Wadda ta zo da mota roba ce, yawanci irin da ake kira polypropylene, in ka juya bayanta zaka ga an buga PP ko PP+EPDM a jiki. Ita wannan in an buge ta lotsawa take yi ta dawo, in ma bata dawo ba a sa mata ruwan zafi ko iska mai zafi a turo ta daga ciki. Ita kuma faiba zaren gilashi ne ake shimfiɗawa a cikin mazubi a jiƙa shi da rezin, ya bushe ya yi tauri, saman kuma akwai wani ɓawo mai santsi da ake ce wa jelkot wanda shi ne fenti yake hawa kai. Kamar ƙwarya da robar ɗiban ruwa ne, roba in ta faɗi tsalle take yi, ƙwarya kuwa tsagewa.

Toh duk wata dabarar kariya da zan faɗa a ƙasa daga nan ta taso: faiba bata lanƙwasa. Duk ƙarfin da ya shige ta sai ya nemi inda zai fita, kuma inda yake fita shi ne wajen ramin kusa, ko kusurwa, ko wajen da aka yi ta siririya a masana'anta.

Ta yaya zan gane bambar da aka sayar min faiba ce ko roba?

Juya bayanta ka shafa. Faiba bayanta kaushi ne da shi, zaka ga zare-zare a kwance sun haɗe da juna, wani lokacin har ya soke ka a yatsa, kuma in sabuwa ce akwai wani wari mai hawa kai da take yi. Roba bayanta sumul yake kuma akwai rubutun da na faɗa a sama. Ka ƙwanƙwasa da bayan yatsa, faiba ƙara take yi kau-kau, roba kuma dum-dum. Sannan ka kama gefen da yake zagayowa wajen taya ka ɗan ja, roba zata biyo ka, faiba zata cije, kar ka matsa mata.

Wannan yana da amfani sosai ga masu yi wa mota abin da ake ce wa ofgired, wato a mayar da fuskar tsohuwar Camry ko Lexus ko Prado ta koma ta sabon yayi, saboda kayan da ake kawowa kala-kala ne, wasu roba ne na gaske wasu kuma faiba ce aka fesa mata baƙin firaima, wato fentin farko da ake fesawa kafin na gaske, ta yi kama da roba. Ko a Kofar Ruwa kake ko Panteka ko Apo ko Ladipo, ka juya bayan kaya kafin ka biya.

Akwai faiba mai kyau da marar kyau ne, ko duk ɗaya ce?

Akwai bambanci sosai ma. Ka ɗaga ta ka kalli rana ta bayanta, inda haske yake ratsowa da yawa nan ne siriri kuma nan ne zai fara tsagewa. Mai kyau kaurinta ɗaya ne ko'ina, an ƙara mata shimfiɗa a wajen kunnuwan da kusa take shiga, kuma babu fararen tabo a bayan. Farin tabo yana nufin zaren bai sha rezin ba, busasshe ne. Akwai kuma wadda aka cika mata rezin zaren kaɗan ne, tana da nauyi kamar abin kirki amma ita ce ta fi saurin fashewa, don ƙarfin a zaren yake, rezin riƙe shi kawai yake yi. Don haka nauyi kaɗai ba shaida ba ce.

Na sayo sabuwa, in kai ta wajen mai fenti kai tsaye?

A'a dan Allah, kar ka yi. Wannan shi ne wajen da aka fi yin asara. Fara kai ta wajen fanel bita a gwada ta a jikin motar tana nan yadda ta zo, a ga inda ta zauna da inda bata zauna ba, a goge inda ya yi yawa, a huda ramuka, a ɗaura ta tsaf kamar an gama, sannan a sake kwance ta a kai fenti. Bambar faiba kusan bata taɓa zama daidai a karon farko, sai an yi mata gyara, kuma in an riga an fesa fenti toh duk gugar da za a yi fentin za a ci.

Abu na biyu, a bar ta ta sha rana na wasu kwanaki kafin fenti, an fi so tana ɗaure a jikin motar ko an tallafe ta yadda ba zata karkace ba. Dalili shi ne yawanci ana fiddo su daga mazubi rezin bai gama nuna ba, zafin rana ne yake ƙarasa shi, kuma in akwai iskar da ta maƙale a ƙarƙashin jelkot a lokacin ne zata kumburo ka gan ta, a fasa a cike. In ba a yi haka ba sai bayan an gama fenti mai tsada, mota ta kwana biyu a ranar watan Afrilu, sai kaga ƙuraje sun fito a jikin bamba. Sannan a wanke ta da kyau da sabulu da abin cire maiƙo, don akwai kakin da suke shafa wa mazubi saboda kar ta manne, in ya rage a jiki fenti ba zai kama ba, ɓarewa zai yi.

Yaya ya kamata a ɗaura ta? Fanel bita na ya ce shi ya san aikinsa

Ya san aikinsa a kan roba da ƙarfe, wannan ba musu, amma ka tsaya a wajen ranar da za a ɗaura, cikin girmamawa ka ce oga ga yadda nake so. Mafi yawan tsagewar da mutane suke ɗora wa hanya laifi, tun ranar ɗauri aka shuka ta. Abin da yake faruwa shi ne bamba ta zo ramin gefe bai kai inda bireket yake ba, saura kamar faɗin yatsa, sai yaron shago ya sa gwiwa ya danna, wani ya ja ta ɗaya gefen, a samu kusa ta shiga a ɗaure tamau. A ido ta zauna kyau. Amma tun daga wannan lokacin a miƙe take kamar an ja ta, kullum tana neman komawa yadda take, ga girgizar hanya ga zafi da sanyi, bayan ɗan lokaci sai kaga siririn layi ya taso daga ƙarƙashin fitila ko daga kusar gefen taya, ba wanda ya buge ka.

Yadda ya kamata: in rami bai zo daidai ba a faɗaɗa ramin ko a lanƙwasa bireket ɗin ƙarfen ya zo ya same ta, ƙarfe ne zai bi faiba. Kowane rami a yi shi ya ɗan fi kusar faɗi saboda ta samu wajen motsi. A huda a hankali, a manna tef a wajen kafin a sa dirin don kar jelkot ya ɓantare, a fara da ƙaramin baki sannan babba, kuma kar a huda dab da baki, a bar tazara. A sa washa mai faɗi gaba da baya, tsakanin washar da faiba kuma a sa ta roba, ko tsohon tib na taya aka yanka ya yi. A ɗaure da hannu, ba da injin ɗaure kusa ba, da zarar robar ta ɗan danne a tsaya. In ka ji ƙas-ƙas lokacin ɗauri toh an riga an wuce. A fara saka duk kusoshin a sake, a daidaita, sannan a bi su ɗaya-ɗaya daga tsakiya zuwa gefe.

Kuma kar a yarda da kusa mai cin kanta a soka ta cikin faibar kai tsaye, zata riƙe yau, gobe ta cinye ramin. Bol da noti ake so, noti mai roba a ciki wanda girgiza bata kwance shi. Tsakanin bamba da fitila da mudigad a bar ɗan fili, in suna gogar juna nan ma fenti zai ci. Ƙasan bambar ta tsakiya shi ma yana son abin riƙo ko biyu zuwa jikin mota, in ba haka ba a gudun babbar hanya iska zata dinga kaɗa shi har ya gaji.

An ce sai an cire ƙarfen da ke bayan bamba kafin sabuwar ta shiga, in yarda?

Kar ka yarda. Wannan ƙarfen da soson da ke gabansa su ne bambar gaskiya, su ne suke karɓar duka su kai shi shasi in an yi karo, abin da muke gani a waje riga ce kawai. In an cire shi, ƙaramin karo a goslo zai wuce kai tsaye ya samu lagireto da kondensar AC da fitilu, ga kuma lafiyarka da ta iyalinka. In soson ne ya hana ta zama ana iya ɗan sassaƙe shi, amma in dole sai ƙarfen ya fita toh wannan bambar ba ta motarka ba ce, a mayar da ita. Sannan a tabbatar ramin da iska take shiga lagireto bai toshe ba, da kuma ƙofar da ake ɗaura ƙugiyar jan mota, akwai magana a kanta a amsar janwe a ƙasa.

Zan iya ƙara mata ƙarfi tun kafin ta fashe?

Sosai, kuma shi ne kuɗin da ya fi kowanne amfani a wannan harkar. Bayan an gama gwajin zama kafin fenti, a kifa ta a goge bayan da sanfefa mai lamba 80 a wajen kunnuwan kusa, kusurwoyi biyu na ƙasa, da leɓen ƙasa gaba ɗaya, a share da asiton, wato sinadarin da yake cire maiƙo, sannan a ƙara shimfiɗa biyu ko uku na tabarmar faiba, wato zaren gilashin da ake sayarwa a shimfiɗe kamar tabarma, mai giram 300 ko 450 duk ta yi. Kowace shimfiɗa ta ɗan fi ta ƙarƙashinta faɗi, saboda kar kaurin ya tsaya a layi ɗaya, in ya tsaya a layi ɗaya nan ne sabon wajen tsagewa. A wajen ramin kusa wasu suna binne ƙaramin falle na alminiyom a cikin shimfiɗar, yana da kyau. Yadda ake haɗa rezin ɗin yana amsar gyaran tsagewa.

Kar dai a wuce gona da iri a yi ta lafta mata har ta yi nauyin da bireket ba zai ɗauka ba. In an gama a fesa wa bayan baƙin fentin ƙarƙashin mota ko a shafe shi da rezin, don zaren da yake a buɗe yana shan ruwa da damina.

Tudun rage gudu da gadar ƙofar gida su ne suke kashe ni, ya zan yi?

Da farko ɗauki tef ka auna daga ƙasa zuwa leɓen bambar, ka gwada da yadda ta asali take, yawancin na kwalliya sun fi sauka kuma sun fi tsawo ta gaba, toh wajen da da kake wucewa ba tunani yanzu sai da lissafi. Ka taka birki tun kafin ka iso tudun, ka saki birkin sannan ka hau, saboda lokacin da ƙafarka take kan birki hancin mota a sunkuye yake, in ka hau a haka leɓen ne zai fara gaisawa da siminti. Saukowa ma a hankali, don in gaban ya faɗo da ƙarfi shokazoba ta danne nan ma zai daki ƙasa.

Gadar ƙofar gida da ta gidan mai da hawa daga kwalta zuwa layin unguwa kuwa a karkace ake shigarsu, taya ɗaya ta fara hawa ta ɗaga gefen sannan ɗayar ta biyo. In ta gidanka ce kuma kullum sai ka ji ƙurrr, kira birkila ya sassauta gangaren ko ka ajiye katako biyu masu kauri, ya fi maka arha a kan gyaran bamba duk wata. Kuma ka duba shokazoba da sifirin, in sun mutu mota tana zama ƙasa kuma tana lilo, babu irin tuƙin da zai ceci bambar. Ta baya kuma lodi ne yake kashe ta, but cike da buhu ga mutum huɗu a baya, saukowa daga kwalbati sai ta ja ƙasa.

Wajen fakin fa? Tawa a nan ta karye

Yawanci ba lokacin shiga take karyewa ba, lokacin fita ne. Ka shiga da gaba leɓen ya hau kan dakalin siminti ko dutsen da ake sawa a tare taya, ka kashe mota, mutane suka shiga nauyi ya ƙaru, ka sa ribas, sai dakalin ya riƙe leɓen ta ciki ya fizgo bambar gaba ɗaya, kunnuwa su tsinke. Ka saba tsayawa da nisa, kar ka jira sai taya ta taɓa. In wajen ya ba da dama ka shiga da baya, galibi bayan ya fi tsayi. In ka ji ta riga ta hau, sauke mutane tukuna sannan ka ja baya sannu-sannu wani yana duba maka.

A kasuwa da bakin masallacin Juma'a da wajen biki kuma matsalar 'yan adaidaita sahu da babura da masu baro ce, ga yara masu zama a kan bamba ko su taka leɓen su hau bonet. Nemi gefe ko da zaka ɗan taka da ƙafa, kuma a goslo ka bar tazara tsakaninka da na gaba saboda babur ya samu hanyar wucewa ba sai ya goge ka ba.

Ledar kariya ta PPF tana hana fashewa?

Bata hana fashewa, fenti take karewa. Leda ce mai haske, kaurinta wajen milimita 0.2, kamfanoni irin su 3M da XPEL da SunTek suna yinta, tana tare tsakuwar da tirela ko tifa take watsowa da ƙananan karce da kashin tsuntsu. Ga mai yawan bin hanyar da ake aiki ko burji tana da amfani ƙwarai, don a faiba tsakuwa in ta daki waje bayan ɓantare fenti har wani tauraro take yi a jelkot, layuka sirara su bazu. Amma in ka daki kwalbati faibar zata tsage a ƙarƙashin ledar.

Kar a manna ta a kan sabon fenti, a jira kamar kwana 30 ya gama bushewa ya fitar da tinnar da ke cikinsa, in ba haka ba zata yi kumfa, kuma ranar da za a ɓare ta tana iya tahowa da fentin. Shi kuma seramik kotin da ake ta talla, sheƙi yake ƙarawa da sauƙin wanki, siriri ne ƙwarai, ko tsakuwa baya tarewa.

Toh me zan saka a ƙasan leɓen don gogar ƙasa?

Abu biyu ne suke aiki. Akwai leɓen roba mai laushi da ake sayarwa a naɗe, ana manna shi a ƙasan bamba, shi zai dinga shan gugar kuma ƙararsa tana gaya maka ka kusa, in ya cinye a sake wani. Akwai kuma faranti na roba mai tauri ko alminiyom da ake yankawa daidai siffar ƙasan a ɗaura, ya zama shi ne yake zamewa a kan siminti. In zaka saka wannan a bi ƙa'idar da na faɗa a amsar ɗauri, washa mai faɗi da roba, kuma kan kusar ya shige ciki kar ya leƙo, in ya leƙo shi ne zai kama ƙasa ya yage wajen.

Abin da ban goyi baya ba shi ne a kai wa mai walda ya haɗa ƙarfe mai nauyi a ɗaure shi a jikin faibar kanta. Duk dukan da ƙarfen ya sha faibar zai miƙa wa. Kuma ka tuna duk abin da ka ƙara a ƙasa ya rage maka tazara da ƙasa.

Rana da hazo da damina suna yi mata illa?

Rana tana yi. Jelkot ɗin da ba fenti in ya daɗe a rana yana komawa fari-fari yana gari a hannu, don haka kar ka yi ta yawo da ita ba fenti wata da watanni. Baƙin fenti kuma ya fi ɗaukar zafi, in rezin ɗin mai arha ne zaka ga dogon waje ya ɗan saki ko zanen zaren ya fito ta cikin fenti. Inuwa ko rumfa ita ce magani. In za a gasa fenti a ɗakin gashi a gaya musu faiba ce su rage wuta. Ta baya kuma a duba bakin salansa, in ya matso kusa zai ƙona wajen ya yi ruwan ƙasa ya fara ɓarɓashi, a bar tazara ko a manna takardar alminiyom mai tare zafi ta ciki.

Lokacin hunturu ƙura ce matsalar, kar a goge ta da busasshen tsumma da safe, a zuba ruwa tukuna. Da damina kuma kar ka faɗa ruwan da ya kwanta a titi da gudu, ruwa yana da nauyi, yana kama leɓen da murfin ƙarƙashin inji ya ja su baya, ga kuma ramin da baka gani a ciki.

A wajen wankin mota akwai abin da zan hana su?

Kar su kawo bakin injin feshi kusa da gefen bamba ko inda fenti ya ɓantare ko bakin ledar PPF, ruwan yana shiga ƙarƙashi ya ɗaga. Kar su jingina ko su taka ta don su kai saman bonet. Omo da sabulun wanke-wanke suna cire folish, a yi amfani da sabulun mota. Fetur da tinna kuma kar a goge kwalta da su a kan fenti.

Mota ta mutu a hanya za a ja ta, ko janwe zai ɗauka, me zan kula da shi?

Igiya ko sarƙa kar ta taɓa bambar sam. A ɗaura a ƙugiyar da kamfani ya tanada, kuma a duba in igiyar ta miƙe ba zata danne leɓen ta ƙasa ba, in zata danne gara a kwance bambar tukuna. In janwe mai faranti ne a sa katako a bakin farantin don gangaren ya yi sauƙi. Masu taimakon turi kuma, Allah ya saka musu da alheri, amma ka nuna musu inda zasu dafa, ginshiƙin ƙofa ko gefen but, kar su dafa bamba. Haka wajen bakanike, jak ɗin da ake turawa ta gaba yana iya kama leɓen, a fara hawa da tayoyin kan katako.

Ta ɗan tsage kaɗan, in bari sai ta yi yawa a gyara gaba ɗaya?

Kar ka bari, tsagewa tafiya take yi da girgiza, kuma ruwa yana shiga. Ka fara gane iri biyu: in layuka ne sirara a sama kawai kuma bayan lafiya lau, jelkot ne ya tsage, sai a goge har layin ya ɓace a cike a sake fenti, in aka fesa fenti a kai ba a goge ba zai dawo. In kuma ta ratsa har baya, abin gaggawa shi ne a huda ƙaramin rami a daidai ƙarshen layin, kowane ƙarshe, wannan yana tsayar da ita, a manna tef mai ƙarfi ta baya kafin ka samu lokacin gyara.

Gyaran gaskiya daga baya ake yinsa. A kwance bambar, a daidaita bakin tsagewar ta gaba a riƙe da tef, a goge bayan da lamba 80 a wuce layin da kamar faɗin tafin hannu kowane gefe, a share da asiton. A yayyanka tabarmar tun kafin a haɗa rezin. Hadnar rezin, wato MEKP, maganin da yake sa rezin ya daskare, kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ake sawa, kenan mililita 10 zuwa 20 a kilo ɗaya, a zafinmu ka tsaya a na ƙasan kuma ka haɗa kaɗan-kaɗan a inuwa, in ka cika hadna a tsakar rana kafin ka shimfiɗa falle na biyu ya daskare a gwangwani yana zafi. A shafa rezin, a ɗora falle, a dinga dannawa da bakin buroshi har farin ya ɓace ya koma kamar jiƙaƙƙen gilashi babu kumfa, sannan na gaba, uku ko huɗu. In ya bushe a juyo gaba a fafe layin ya yi kwari, a cike da zare da rezin, a goge, sai a ƙarshe a shafa fila siririya, wato abin cike gurbi da ake shafawa kafin fenti, don ta daidaita fuska, a bi da lamba 180 da 320, firaima, fenti. Mai aikin ya sa safar hannu da tabarau da abin rufe hanci, hadnar nan in ta shiga ido tana iya makantarwa, ƙurar gugar kuma tana sa ƙaiƙayi kuma bata da kyau ga huhu.

Mai ɗinkin bamba ya ce zai narka ta da ƙarfe mai zafi ya ɗinke da waya, zai yi?

A bambar roba wannan aikin yana yi kuma akwai gwanaye a kai. A faiba ba zai yi ba, domin rezin in ya riga ya daskare baya narkewa kuma, ƙonewa kawai yake yi ya yi baƙi ya ƙara rauni. Haka iska mai zafi ba zata miƙar da ita yadda take miƙar da roba ba. Ɗinkin waya da sufa gulu da lafta fila mai kauri a kan tsagewa duk na 'yan makonni ne, fila bata da zare a ciki, ramin farko da ka faɗa layin zai sake fitowa a inda yake. Ka tambayi mai gyaran kai tsaye, malam da tabarma da rezin zaka yi ta baya? In ya ce eh ka ce ya nuna maka bayan kafin ya mayar da ita jikin mota. Masu aikin tankin ruwa na faiba da jikin kwalekwale ma sun san wannan aikin, wani lokacin sun fi fanel bita iya shimfiɗar, sai ka kai wa mai fenti ya ƙarasa.

Inshora zata biya in an fasa min ita?

Inshorar da yawancinmu muke yi, wato ta ɓangare na uku, ɓarnar da ka yi wa wani take biya, bata biyan motarka. In cikakkiya kake da ita ka sanar da kamfanin cewa ka canza bamba, a rubuce, ka ajiye rasit da hotuna, don in ba su sani ba suna iya cewa ta asali suka sani.

In sayo ta daga nesa, yaya za a kawo min ita lafiya?

Da yawa a hanya suke samun tsagewar farko, a saman mota an ɗaure da igiya an ja tamau, ko a ƙarƙashin lodi a but ɗin bas. Ka ce a naɗe kusurwoyi da kunnuwa da kwali da soso, a sa katako a tsakanin hannuwan biyu ta ciki don kar a matse su, a ɗora ta a saman kaya. In ta iso ka duba ta a gaban direba da fitilar waya ta baya kafin ka karɓa. In zata jira a gida kar a jingine ta a tsaye a kan hannu ɗaya cikin zafi, a kwantar da ita a tallafi tsakiya da gefe biyu, in ta karkace a ajiye toh matsalar amsar ɗauri ce zata same ka.

Ni kullum a hanyar ƙauye nake, anya faiba ta dace da ni?

Gaskiya bata dace ba. In hanyarka ta yau da kullum burji ce da yashi da kwazazzabo, ko motar haya ce, ko mutane da yawa ne suke tuƙa ta a gida, nemi bambar roba, ko 'yar Beljiyam ta asali ko sabuwa ta PP, zaka fi samun kwanciyar hankali. In kuma kana son siffar dole, wasu suna barin bambar kamfani a jiki su ƙara leɓen kwalliya kawai a ƙasa, na roba mai lanƙwasa, in ya tafi shi kaɗai ya tafi. Wanda ya riga ya saka ta faiba kuma kar ya sayar da ta asalin, a wanke ta a ajiye a sito, in tafiyar gida ta taso da damina ko lokacin sallah a mayar da ita, kusoshi ne kawai, in an dawo gari a sake ɗaura ta faibar da sababbin washar roba.